Inda Shanu Suka Kauce Na Miƙe

Ina jin abin da ake faɗi a kaina, kunnena bai mutu ba tukuna. A Château Rouge, unguwar da muke cin kasuwa a Paris, wasu na cewa yayarku Uwani ta gudu daji ba da sanina ba, wasu kuma na cewa ta fi ƙarfina ne shi ya sa na ja bakina na yi shiru. Ku ma ƙannenta uku ba ku bar ni ba, duk Salla sai wani cikinku ya ce, "Baba, ba mu labarin takalminka." To yau zan ba ku shi, amma a rubuce, don na san halinku, in da baki ne ba zan kai rabi ba za ku cika ɗakin da dariya. Ku karanta, ku ajiye wa 'ya'yanku.

Kun san ni ɗan makiyaya ne, a arewacin Dakoro aka haife ni. Kafin a kai ni lakkwal, wato makarantar boko, na yi shekaru ina bin shanun kawuna, kuma abin da na fi taƙama da shi a duniya shi ne ban taɓa ɓacewa a daji ba. Kawu ya koya mini abu biyu tun ban kai tsawon maraƙi ba: in ka rasa hanya ka bi sawun shanu, za su kai ka rijiya, in kuma ka hango kore ka nufe shi, can ruwa yake. Da wannan ilimin na zo Paris karatu. Karatun bai ƙare ba, na ƙare ina tuƙa bis ɗin fasinja tsakanin Saint-Denis da Stains, inda muke zaune, har furfura ta cika mini kai. A bis ɗin nan na fara ganin wani abu da ya ɗaure mini kai shekara da shekaru. Ran Lahadi da sassafe sai in ɗauki anasaru, har da tsofaffi tukuf, kowa da jaka a baya da sanduna biyu a hannu. Wata rana na kasa haƙuri na tambayi wata tsohuwa ina za su. Ta ce za su kama jirgi su je daji su yi tafiya. Na ce tafiya zuwa ina? Ta ce tafiya kawai. Na ce a raina, ikon Allah, ga sanda har biyu, babu ko akuya ɗaya a gaba. Me suka yar a dajin da suke nema kowane mako? Ban sami mai ba ni amsa ba, tambayar kuma ba ta bar ni ba.

Uwani ita ce ta fari, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba ku taɓa jin na kira sunanta na yanka ba. Ta tafi Lyon karatun tsirrai muka yi murna, ni a zatona za ta ƙare a wani biro, wato ofis, da farar riga. Shekarar da na ajiye aiki, lokacin damina ta yi nisa can gida, ta zo mana hutu. Mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka, mahaifiyarku Hadiza tana kwashe kwanoni, sai Uwani ta gyara zama ta ce tana da magana. An ba ta aiki a wani gandun daji na gwamnati, can kudu a tsaunukan Lozère. Za ta riƙa zagaya tudun tana lura da tsirrai da tsuntsaye, tana kuma kula da masu zuwa tafiya kada su ɓace ko su lalata wurin. An ba ta mako uku ta ba da amsa.

"Baba, ba zan amsa musu ba sai ka ce ka yarda," in ji ta.

"Ke Uwani, lafiyarki kuwa?" na ce. "Ni na bar daji na zo birni na sha sanyi don ku zauna a biro, ke kuma ki koma daji? Dajin ma na wasu? Shanu nawa za su ba ki?"

"Babu shanu, Baba. Albashi ne."

"A biya ki albashi don ki kalli ciyawa?"

Hadiza ta dire kwano ta ce, "Malam, kada ka tsaya ja mata magana. Ɗiya mace ita kaɗai cikin duwatsu, babu Musulmi, babu ɗan'uwa? Ka ce a'a mu huta."

Na ce a'a. Uwani ta sunkuyar da kai ta ce to, ta tashi ta wanke kwanonin tas, washegari ta koma Lyon. Da ta yi gardama da na ji daɗi, don ni gardama ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Wannan "to" ɗin ne ya hana ni sakat.

Ran Asabar na sauka Château Rouge sayen nama wajen Alhaji Mahamat, mahaucin nan ɗan Chadi da muka fi shekara ashirin tare. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da gajiya da labarin gida, na zayyana masa. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Malam Isufu, ka yi daidai. Yaran nan in ka sake musu, gobe sai ka ji sun koma kan itace." Na ji daɗin maganar, amma sai na tambaye shi abin da ke cina: Alhaji, wai me suke nema a dajin nan? Ya ce shi ina ya sani, tun da ya zo Faransa iyakarsa kanti da masallaci. A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi ta juya abin. Yanzu ba tsohuwar anasara ta bis ba ce, jinina abin ya kama. Na ce wallahi sai na je na gani. Ba zan ɓoye muku ba, niyyata biyu ce: in kashe ƙwarƙwatar idona, in kuma samo hujjar da zan rufe maganar har abada.

Uwani ta tarbe ni a gar ɗin Lyon, wato tashar jirgin ƙasa, ta kai ni ɗan ɗakinta, kafin in sha ruwa ta zazzage jakata a kan gado kamar ma'aikaciyar duwan mai binciken kaya a kan iyaka. Ta fitar da jamfata da wandon jins, ta ce in suka jiƙe ba sa bushewa, sai su zuƙe zafin jikin mutum. Ta ɗaga takalmana na zuwa Juma'a ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ja ni kanti aka gwada mini takalman bot masu nauyi, da sanduna biyu, da rigar ruwa, alhali rana na ƙwallewa a waje. Ta haɗa dabino, burodi, ruwa, shayi a tarmos, fitila, taswira da busol, wato 'yar allurar nan mai nuna arewa. Daga ƙarshe ta rataya mini usur a wuya.

"Wannan kuma fa? Ɗan sanda kika mai da ni?"

"In mun rabu ka busa, Baba. Murya ba ta zuwa nesa a can."

"Ni Isufu? Ni da nake kiran saniya daga bayan tudu ta amsa?"

"Ka dai bar shi a wuya."

Na bar shi, don kada a ce na cika gardama. Muka yi awa kusan huɗu a 'yar motarta, muka kwana a wani ƙauye a gindin tudun, gidan wata tsohuwa mai saukar da baƙi. Da safe Uwani ta saurari labarin yanayi, aka ce safiya garau, amma hazo na iya saukowa da yamma. Ta rubuta a takarda hanyar da za mu bi da lokacin dawowa ta ba tsohuwar, ta ce in shida ta buga ba ta gan mu ba ta kira masu ceto. Na ce Uwani, wannan ai wasiyya ce. Ta ce kowa haka yake yi, har waɗanda aka haifa a nan.

To, da muka hau. Ban san yadda zan faɗa muku ba, ku da kuka girma a hawa na takwas. Muna fita daga cikin itatuwa sai ga sarari, tudu bayan tudu, ba itace ko ɗaya, ba gida, ba ƙarar mota, sama ta sauko har ƙasa ta kowane gefe. Rabona da ganin iyakar idona tun ina saurayi. Ƙirjina ya buɗe, wallahi sai da hawaye suka zo, na ce iska ce. Ƙasar a rufe take da wani gajeren tsiro mai kaushi, iya ƙauri, ya yi fure ja-ja mai duhu har tudun ya rine, ga manyan duwatsu a warwatse kamar garke ya kwanta hutawa. Na fara tambaya ban kuma daina ba. Wannan tsiron shanu na ci? Wa ya shafa fenti ja da fari a duwatsu? Ta ce alamar hanya ce, in ka daina ganinta ka koma inda ka gan ta na ƙarshe. Waɗannan dogayen duwatsun da aka kafa a jere fa, kaburbura ne? Ta ce a'a, mutanen da ne suka kafa su don matafiyi ya bi daga wannan zuwa wancan in hazo ko ƙanƙara ta rufe tudu. Na ce ashe su ma suna ɓacewa. Ta ce har mutuwa suna yi, Baba, da rani tsaka, sanyi ke kashe su in sun jiƙe.

Sai ga shanu. Kai! Jajaye masu ƙaho, idanu an ce ka kwalli aka zizara musu, sak shanun Azawak, tozo kawai suka rasa. Na yi musu irin kiran da muke yi, wata ta ɗago kai ta dube ni. Na ce Uwani kin gani, ta ji Hausa. Zan matsa ta riƙe mini hannu ta ce akwai maruƙa, a zagaye su daga nesa. Wannan kam ban yi musu ba, don haka yake ko'ina. Gaba kaɗan ta durƙusa a bakin hanya ta danna tafinta a kan wani gansakuka, ruwa ya taso ta tsakanin yatsunta. Ta ce wannan ne abin da ta yi shekaru tana karantawa, shi ke riƙe ruwan sama yana sakinsa sannu sannu, kogunan da ke ƙasa daga nan suke sha. Tana magana fuskarta na haske, ban taɓa ganinta haka a Stains ba.

"Amma Baba, ka ji wannan da kyau. Inda ka ga ya fi kore, kada ka taka. Babu ƙasa a ƙarƙashi."

Na yi dariya na ce, "Mu can a kan kore ake faɗa har a zub da jini, ku nan gudunsa kuke yi." Maganarta ta shiga ta wannan kunnen ta fita ta wancan.

Wajen ƙarfe biyu muka zauna a gindin wani ƙaton dutse muka ci dabino da burodi. Iska ta juya, na hango wani farin girgije yana tahowa daga yamma, ba a sama ba, a ƙasa yake tafiya yana lashe tudu. Ni daɗi ma na ji, don mu girgije bai taɓa zama mugun labari ba. Uwani kuwa ta miƙe ta ce hazon ya yi sammako, juyawa za mu yi. Ta ce bari ta zagaya bayan dutsen ta saita busol da dutsen alama na gaba tun ana ganinsa.

"Minti biyar, Baba. Kada ka gusa daga nan."

Na ce to. Na dubi agogo, azahar ta yi. Na girgiza gorata, ruwan ya yi ƙasa, kuma ɗan makiyaya ba ya alwala da ruwan sha in da sauran tafiya. Na dubi gangare sai ga sawun shanu, sabo, har da kashi, ya nufi wani fili da bai wuce taku hamsin ba. Filin nan kore ne shar, irin wanda ban taɓa gani ba ko a mafarki, a shimfiɗe kamar dardumar masallaci. Duk abin da kawu ya koya mini ya tashi tsaye a kaina: ga sawu, ga kore, ruwa na nan. In faɗi gaskiya kuma, ba alwalar kaɗai ba ce, so nake in taɓa shi in ji. Na ce kafin ta juyo na je na dawo. Na bar sandunana a jikin dutse na bi sawun. Da na kusa, sai na ga ya karkata hagu ya yi dogon zagaye ya bar koren. Na tsaya na ce, su kuma waɗannan wane irin shanu ne marasa wayo, ga ruwa a gabansu suna zagaye? Namu in sun ji ƙanshin ruwa ko sanda ba ta karkata su. Inda shanu suka kauce, nan ni mai wayo na miƙe.

Taku na farko ƙasa ta yi rawa kamar katifa. Na biyu ma haka, har abin ya ba ni sha'awa. Na uku ƙafar dama ta shige har gwiwa. Na yunƙura in zare ta, sai ta hagu ta bi. Na sake fizga da ƙarfi, na ji gwiwata ta yi ƙas, taɓo ya kai cinya, baƙi wuluk, ga sanyi har cikin ƙashi. Kafin in ɗago kai hazon ya iso. Dutsen da na baro ya ɓace, tudun ma ya ɓace. Na ƙwala kira, "Uwani!" Muryar nan da nake taƙama da ita ba ta je ko'ina ba, nan gabana ta faɗi. Na yi ta kira har maƙogwaro ya yi zafi, taɓo kuwa ya kai ƙugu. Nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na yi salati na ce shi ke nan Isufu, ka tsallake hamada da teku ka zo ciyawa ta cinye ka. Ina dafe ƙirji sai hannuna ya taɓa usur. Na busa, na busa, har kunnuwana suka toshe.

Can na ji wani usur ya amsa. Sannan murya, kusa, amma ban gane ta ba da farko, don ban taɓa jin ɗiyata ta yi magana haka ba.

"Baba, daina motsi. Daina! Cire jakar ka sa ta a bayanka. Yanzu kwanta da baya a kanta, ka buɗe hannuwa."

"In kwanta a cikin wannan ƙazantar?"

"Kwanta na ce!"

Tun da uwata ta rasu babu wanda ya daka mini tsawa irin wannan. Na kwanta. Ikon Allah, sai na ji nutsewar ta tsaya. Ta ɓullo daga cikin hazo tana jan ciki, ta tsaya iya inda ƙasa ke ɗaukarta, ta miƙo mini sanda. Ta ce in zare ƙafa ɗaya sannu sannu, kada in fizga. Ta hagu ta fito da bot ɗinta. Ta dama ta fito da safa kawai, bot ɗin yana can har yau, mai so ya je ya ɗauko. Tana ja ina mirginawa, har na ji tsiron nan mai kaushi yana sukar bayana, na ce alhamdulillahi.

Jikina na kaɗawa, haƙora na haɗuwa. Ba ta tsaya kuka ba, ba ta tsaya faɗa ba. Ta kai ni inda dutse ya tare iska, ta fiddo busasshen wando da riga ta juya baya na canza, ta naɗe ni da wani bargon leda mai ƙyalli, ta ɗura mini shayi mai sukari. Ƙafar dama ta sa mata safa biyu ta rufe da leda ta ɗaure tam. Sai da ta ga na daina rawar sanyi sannan ta tambaye ni me ya kai ni.

"Ruwan alwala na je nema," na ce, murya ƙasa ƙasa.

Ta dube ni, ta buɗe jakarta ta ciro gora cike, har da 'yar darduma a naɗe.

"Tun daga Lyon nake ɗauke da shi saboda kai, Baba. Da ka tambaye ni."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Yarinyar nan ta san lokacin sallata, ta san ba zan taɓa ruwan sha ba, ta goya nauyin ruwan ta hau tudu da shi. Ni kuwa ban san komai a kanta ba. Na yi alwala da ruwanta na yi salla a zaune, don gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

Saukowar ta ci mana awa uku. Ba a ganin komai sai fari. Ta sa ni a bayanta, hannuna a kan jakarta, busol a tafinta, tana ƙirga taku da Faransanci, sai mu ga dogon dutse ya fito daga cikin hazo daidai inda ta ce. Ta taɓa shi, ta sake saiti, mu nufi na gaba. Duk da azabar gwiwa ban bar tambaya ba, na ce yaya aka yi kika san yana nan? Ta ce in mun isa za ta koya mini, yanzu in yi shiru tana lissafi. Mun shiga ƙauye shida saura kwata, tsohuwar tana tsaye a ƙofa, takarda a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

Likita a Lyon ya ce jijiyar gwiwa ta yage, sandar da kuke ganina da ita daga nan ta samo asali. Hadiza ta kira, Uwani ta gaya mata gaskiya, ina jin salatinta daga inda nake kwance. Da aka ba ni wayar ta ce, "Ka gani ko, Malam? Kai da ka san daji ya kusa cinye ka, balle ita. Ai magana ta ƙare." Kwana biyu Uwani tana jinyata, amma hasken nan ya bar fuskarta. Ran da zan koma ta kai ni gar, muka zauna muna jiran jirgin Paris. Ba ta dube ni ba ta ce:

"Baba, na fasa. Gobe zan rubuta musu. Ni na kai ka, ni na bar ka kai kaɗai. Da ka mutu fa?"

To kun ji. Abin da na baro Stains don in samu, ga shi an ajiye mini a tafin hannu, ba gardama, ba faɗa, har da hujja a gwiwata. In na yi shiru kawai shi ke nan, za ta dawo Paris ta sami biro, ta riƙa zuwa cin tuwo kowace Lahadi, Hadiza ta yi murna, Alhaji Mahamat ya ce na iya riƙon gida. Wallahi na so in yi shirun, na so ƙwarai. Na dubi allo, saura minti goma sha biyu. Amma na san abin da ya faru a tudun nan, ni kaɗai ne shaida. Ba ita ta jefa ni ba, da bakinta ta gargaɗe ni har sau biyu. In na karɓi wannan nasarar da ƙarya na karɓe ta, ita kuma za ta ɗauki laifina a kanta har ta tsufa.

"Ciro wayarki," na ce.

"Baba?"

"Ciro ki kira su yanzu, a gabana. Ki ce kin karɓa."

"Mama fa?"

"Mama ki bar ni da ita. Ke dai ki ji, ba ke kika bar ni ba, ni na bar inda kika ajiye ni. Ranar nan shanu sun fi ni hankali, ke kuma kin fi mu duka. Irina suna da yawa, za su yi ta hawa tudun nan da wayonsu na wata ƙasa. Gara su tarar da ke a can. Na yarda, Uwani, Allah ya yi miki albarka. Kira, jirgi zai tafi ya bar ni."

Ta kira, na ji da kunnena ta ce ta karɓa. Ta rungume ni a gaban mutane, abin da ba mu saba ba, ban kuwa hana ta ba. A jirgi na juya fuska wajen taga na yi kukana har muka yi nisa. Wata anasara da ke kusa da ni ta miƙo mini mushuwar in share ido.

Hadiza ta buɗe mini ƙofa, ta dubi sandata ta dubi fuskata, ta gane tun ban buɗe baki ba. Wata guda cur ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa da "ga abinci," kuma tana da gaskiyarta. Ba a nan abin ya tsaya ba. Shekarar da aka yi wa Hadiza aiki a asibiti, kun tuna, ƙanƙara ta rufe hanyar tudun, Uwani ta kasa fitowa. Ina zaune a bakin gado Hadiza ta farfaɗo, ta dube ku ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni, sannan ta kafa wa ƙofa ido. Kwana uku tana kallon ƙofar nan, ba ta ce mini uffan ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Wannan ni na jawo shi, ba Uwani ba, kuma da za a mai da ni gar ɗin Lyon abin da na faɗa shi zan sake faɗa, amma kada wani ya ce muku bai yi mini ciwo ba. Ran na huɗu Uwani ta shigo da gudu, rigar aikinta a jiƙe, ta faɗa kan gadon tana kuka tana neman gafara. Hadiza ta daɗe tana shafa mata kai, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Malam, tashi ka ba ta wurin. Ta sha hanya."

Na tashi na ba ta, na koma bakin ƙofa na dogara da sandata ina kallonsu.